Shin Dutsen Marra Zai Yi Aman Wuta? Amsar Tambaya Daga Kasuwar Libiya

Wanda shirin wannan mako ya wuce shi, ga abin da muka tattauna a rubuce.

Saƙon murya ne ya iso mana daga Umdurman, daga wani dattijo mai shago a Kasuwar Libiya. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, babbar kasuwa ce a Ombada, yammacin birnin, kuma ta samu sunanta ne daga kayan da manyan motoci ke kawowa daga Libiya ta cikin hamada. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya durƙusar da ita, a ƙarshen Maris 2025 sojoji suka karɓe ta, masu shaguna suka fara komawa da ɗaya-ɗaya. Baba ya ce ƙaninsa yana kiwo a gindin Jabal Marra a Darfur. An turo masa bidiyo a WhatsApp wai dutsen zai fashe kafin damina ta faɗi, wai har masu saye sun fara taya dabbobi da arha. Ya ce, "Ɗana, in ce masa ya sayar ya taso, ko ya zauna?"

Baba, Allah Ya ƙara girma. Tambayarka ta shafi mutane da yawa, daga Niyala har Adare da Abeshe, shi ya sa muka ba ta shiri guda.

Mu fara raba abu biyu da ake gaurayawa. Ranar 31 ga Agusta 2025 ƙasa ta zaftaro daga jikin Dutsen Marra ta binne ƙauyen Tarasin. Ƙungiyar da ke riƙe da yankin ta ce mutum fiye da 1,000 suka rasu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 300 zuwa 1,000. Allah Ya jiƙansu da rahama. Masu kai agaji ma sai a kan jakuna suka isa wurin. To abin da ya kawo wannan musiba ruwan sama ne da aka kwana da kwanaki ana zubawa, ƙasar gangare ta jiƙe ta yi nauyi ta sulɓe. Babu wuta a ciki. Wanda ya haɗa maka Tarasin da aman wuta, ya haɗa ciwon ƙafa da ciwon huhu.

Sai dai kuma gaskiya ne Marra dutsen aman wuta ne. Tsayinsa mita 3,042, kuma a can samansa akwai wani ƙaton rami da ake kira Deriba, faɗinsa kamar kilomita 5, da tafkuna biyu a ciki. Ramin nan ya samu ne kimanin shekara 3,500 da suka wuce, lokacin da dutsen ya yi wani gagarumin amai, toka mai zafi ta gangaro fiye da kilomita 30. Har gobe akwai marmaron ruwan zafi a jikinsa, akwai inda tururi ke fita. Wato ƙarƙashinsa da sauran ɗumi. Wannan tokar ta dā ita ce ta zama ƙasar nan mai albarka da ke ba da lemun Marra da kuka sani a kasuwa.

A bidiyon da aka turo wa Baba an kira shi da sunan da Turawa ke kiran giwayen duwatsun aman wuta. Masana suna da ma'auni a kan wannan. Ka ƙaddara akwati mai tsawon kilomita 1, faɗi kilomita 1, tsayi kilomita 1. Dutsen da ya taɓa amayar da cikin irin wannan akwati 1,000 a tashi ɗaya, shi ne ke shiga wannan aji. Toba na Indunusiya ya yi haka kimanin shekara 74,000 da suka wuce, Yellowstone na Amurka ya yi kimanin shekara 640,000 da suka wuce. Marra bai kai nan ba, ko kusa.

To yaya ake gadin irin waɗannan duwatsu? Bari in kai ku Italiya. Masu kallon ƙwallo sun san Napoli, inda Victor Osimhen ya ci kofin ƙasar a 2023. Filin wasan nasu yana cikin wani makeken rami na aman wuta da ake kira Campi Flegrei, wanda ya yi babban amansa kimanin shekara 39,000 da suka wuce, na ƙarshe kuma ƙarami a 1538. Mutum kusan 500,000 ke zaune a yankin da hukuma ta shata da jan layi. Masu sa ido a can, gidan aikinsu tun 1841 aka kafa shi, kuma abu uku suke dubawa dare da rana.

Makiyayi zai fi kowa saurin gane su, don haka yake duba saniyarsa. Na farko motsi. Idan narkakken dutse yana kutsawa sama sai ya riƙa fasa duwatsun da ke kansa, ana samun ƙananan girgiza ɗaruruwa, mafi yawansu ƙafar mutum ba ta jin su, sai na'urar da aka binne a ƙasa. Masana suna duba yawansu, da zurfinsu, da ko suna matsowa sama. Na biyu kumburi. Ƙasa tana kumbura kamar cikin saniyar da ta ci ɗanyen haki ya yi mata yawa, kuma tauraron ɗan'adam yana iya auna tashin ko da 'yan santimita ne. Na uku numfashi, wato tururi da iskar da ke fita ta tsagogi, da zafin ruwan marmaro. Idan iskar ta canza ko zafin ya ƙaru, a rubuta.

Kun ga dai aikin duka na sanin hali ne. Kai da ka san saniyarka tun tana maraƙa, ranar da ta daina tuƙa kai ne za ka fara gani. Baƙo da ya zo yau ba zai ga komai ba. Haka ma dutse, sai an yi shekaru ana rubuta halinsa na kullum kafin a gane ranar da ya sauya.

Amma ku ji wannan da kyau. Tsakanin 1982 da 1984 ƙasar garin Pozzuoli, a tsakiyar ramin nan na Italiya, ta tashi mita 1.8, har tashar jiragen ruwa ta yi wa jirage rashin zurfi. Aka kwashe mutum kusan 40,000. Dutsen bai yi amai ba. Tun 2005 ƙasar ta sake tashi fiye da mita 1, a 2012 aka ɗaga matakin gargaɗi zuwa rawaya, ranar 13 ga Maris 2025 aka yi girgiza mai maki 4.6 da ta fito da mutane kan titi da tsakar dare. Duk da na'urorinsu da kuɗinsu, masanan nan ba su taɓa cewa ranar kaza ga watan kaza ba. Iyakarsu su ce haɗari ya ƙaru ko ya ragu. Saboda haka, Baba, wanda ya yanka maka rana a bidiyo, ya faɗi abin da masu na'ura ma ba sa faɗa. Ka tambayi kanka, wa zai ci riba idan ƙaninka ya sayar da garkensa a rabin kuɗi?

Mu dawo gida. Ƙasar Sudan ma tana motsi jefi-jefi. Dattawan Umdurman za su tuna girgizar watan Agusta 1993, mai maki 5.5, wadda ta kaɗa Khartum. A watan Mayu 1990 an yi wadda ta wuce maki 7 kusa da Juba. Waɗannan tsagar ƙasa ce ta motsa, ba su da alaƙa da aman wuta, don ba kowace girgiza ce ke nufin dutse ya farka ba. A 2003 hukumar binciken ƙasa ta Sudan ta kafa tashoshin auna girgiza guda uku a kewayen Khartum. To daga Khartum zuwa Marra ya fi kilomita 900 a miƙe, kuma ƙananan girgizar da ke fara nuna farkawar dutse sai na'ura ta kusa ke kama su. Na'ura kuwa tana son wuta, tana son layin sadarwa, tana son ma'aikaci mai albashi da zai iya zuwa ya dawo lafiya. Kun san abin da yaƙi ya yi wa waɗannan duka. Tauraron ɗan'adam shi ne ba ya neman izinin wucewa a shinge, amma shi ma ba ya jin wari, ba ya taɓa ruwa ya ji zafi.

Kada kuma wani ya ce ai dutsen da ya yi shekara dubbai yana barci ya mutu. Nabro na Eritiriya babu wanda ya taɓa rubuta amansa, sai ga shi a watan Yuni 2011 ya tashi bayan jerin girgiza, tokarsa ta hana jiragen sama tashi a yankin. Ranar 23 ga Nuwamba 2025 Hayli Gubbi na yankin Afar a Habasha ya yi nasa, toka ta tashi kilomita 14 sama, ta tsallake Bahar Maliya har Indiya. Makiyayan Afar suka wayi gari ciyawarsu ta lulluɓe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ƙara, ba ya haske. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na Kamaru, wanda shi ma bakin tsohon dutsen aman wuta ne, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari kamar ruwa. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, da yawa na Fulani makiyaya. Waɗanda ke kan tudu sun fi tsira. Daga 2001 aka fara sa bututu a tafkin yana fitar da iskar a hankali. Darasin nan na kowane makiyayi ne da ke zango kusa da irin waɗannan ramuka, ko a Marra, ko a Malha ta arewacin Darfur inda ake ɗibar gishiri, ko a Tibesti ta Cadi inda ake samun kanwa.

Ga abin da za ku riƙe. Idan marmaron da kuka saba shayarwa ya ƙara zafi, ko ya ƙafe ba rani ba, ko ɗanɗanonsa ya sauya, ku lura. Idan warin farar wuta, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, ya yi ƙarfi a inda ba a saba ba, ku lura. Idan kuna jin ƙasa na motsi sau da yawa cikin kwanaki, ko sabuwar tsaga ta buɗe, ku lura. Idan kun tarar da tsuntsaye da ƙananan dabbobi matattu a cikin kwari ba rauni a jikinsu, kada ku sauka duba su, ku hau tudu, ku bi ta inda iska ke tasowa. Idan toka ta zubo, ku rufe rijiya da randa, ku ɗaura ƙyalle mai laima a hanci, ku kawar da dabbobi daga ciyawar da ta lulluɓe, don tana cinye haƙori, wata ma tana da guba.

A damina kuwa, abin da ya fi kusa da ku shi ne irin na Tarasin. In an jera kwanaki ana ruwa, kada a kwana a gindin gangare ko a bakin kwazazzabo. Itatuwa su fara karkata, ruwan rafi ya rikiɗe ya zama taɓo farat ɗaya, ko rafin ya tsaya alhali ana ruwa a sama, ko ku ji ruri daga dutse: a tashi nan take, a gudu ta gefe, kada a bi kwarin ƙasa. Kaya ana mayarwa.

Ku fatake, naku aikin ɗaukar labari ne, kun fi kowace jarida kaiwa nesa. Labarin da ya fito daga Nertiti ko Zalinje yana isa Kasuwar Libiya da kasuwar dabbobi ta Muwailih kafin hukuma ta ji. To ku ɗauke shi kamar yadda kuke ɗaukar amanar kuɗi. A ina aka gani, wace rana, wa ya gani da idonsa, sau nawa? In amsa ta samu, a kai ga mai unguwa da shugaban makiyaya da ma'aikatan lafiya ko na agaji da ke kusa, a turo mana mu ma. In ba ta samu ba, a bar shi a nan, kada a tura gaba.

Baba, ga amsarka a taƙaice. Kada ƙaninka ya karyar da dukiyarsa saboda bidiyon da ba a san mai shi ba. In zai taso saboda yaƙi ko rashin kiwo, wannan shawara ce tsakaninku, kun fi mu sanin halin da ake ciki. Amma ka gaya masa kafin ruwa ya sauka ya duba inda ya kafa rugarsa, in a gindin gangare take ya matsar da ita. Ka kuma ce masa ya riƙa taɓa ruwan marmaron nan da hannunsa duk ranar da ya kai shanu, ya san zafinsa na kullum.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba farashin raƙuma a kan hanyar Masar. Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, Ya kiyaye matafiya, Ya albarkaci garke. A huta lafiya.