Tsimin Wutar Lantarki a Gine-ginen Kasuwanci



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne tsimin wutar lantarki a gine-ginen kasuwanci, watau ofisoshi da bankuna da otal-otal da manyan kantuna. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai aikin injiniyoyi ne, me ya kawo shi zauren ɗalibai? Amsa ita ce, a cikinmu nan akwai waɗanda gobe za su zana gine-ginen, da waɗanda za su sa hannu a takardar izinin gini, da akantocin da za su riƙa biyan kuɗin man janareta. Abin da muke so mu tabbatar kuwa guda ɗaya ne: yawancin wutar da gini zai sha a tsawon rayuwarsa, tun a takardar zane ake yanke ta.

Bari mu fara da aljihu. A watan Mayun 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, watau ya ninka fiye da sau uku. Ɗan kasuwa ba ya haɗiye irin wannan hasara. Dole ya ɗora ta a kan kuɗin kaya, ko ya sallami ma'aikata, ko ya rufe ƙofa. Ashe ke nan ginin da ke ɓarnar wuta yana taɓa tukunyar talakan da bai taɓa shiga cikinsa ba.

To, ina wutar take tafiya? A ƙasa mai zafi irin tamu, babban mai shan ta a ginin ofis shi ne iyakwandishan, aikinsa kuwa shi ne fitar da zafin da ginin ya bari ya shigo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana kusan a tsakar ka take wucewa, rufi ne ke shan mafi yawan dukanta. Bangon gabas yana shan hantsi, na yamma yana shan ranar la'asar, su biyun kuwa da wuyar karewa, domin a karkace hasken yake zuwa musu. Bangon kudu da na arewa 'yar rumfa kaɗan ta ishe su. Wanda ya lulluɓe fuskar gininsa ta yamma da gilashi, ya rufa kwano ba abin tare zafi a ƙarƙashinsa, lalle tanda ya gina, sa'an nan ya sayi na'ura don ta yaƙi tandar. Haka kuma ƙwan lantarki irin na da, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take zama, sai mai gini ya biya sau biyu: kuɗin kunna shi da kuɗin fitar da zafinsa. Ƙwan zamani na LED yana ba da wannan haske da abin da bai wuce rubu'in wutar ba.

Kada a ɗauka wannan ilmi baƙo ne a wurinmu. Maginan Hausa sun san cewa bangon tubali mai kauri da rufin soro suna tsare zafin rana, ba sa sakinsa sai dare ya yi, shi ya sa suka ƙanƙanta tagogi suka ɗaga rufi. Wanda ya san aikin Babban Gwani Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya san haka. Ba muna cewa a gina banki mai hawa goma da tubali ba ne. Muna cewa hikimar tana nan, kuma an gwada ta da siminti ta yi.

Shaidarmu ta farko tana Harare, babban birnin Zimbabuwe. A can aka buɗe ginin Eastgate a 1996, mai ofisoshi da kantuna, wanda Mick Pearce ya zana bayan ya yi nazarin yadda iska ke zagayawa a cikin surin gara. Da dare fankoki suna tura iska mai sanyi ta cikin kafofin da aka bari a daɓen kankare, sai kankaren ya yi sanyi. Da rana shi ne ke shanye zafin ɗakunan, iska mai ɗumi kuma ta tashi ta fita ta bututun da ke kan rufi. Da haka ofisoshin suka wadatu ba tare da babbar na'urar sanyaya gini ba. Gaskiya ne Harare tana kan tudu, darenta da sanyi, ba kamar daren bazara a Sakkwato ba. Amma a ƙasar Hausa ma akwai watanni da yawa na rani da dare ke yin sanyi sosai, kuma kowane wata da iyakwandishan ya huta riba ce.

Sai kuma tambayar gine-ginen da aka riga aka gina. A nan shaidarmu ta biyu ita ce benen Empire State na birnin New York a Amurka, mai hawa 102, wanda aka gama a 1931. A 2009 masu shi suka shiga gyara da nufin rage kashi 38 cikin ɗari na makamashin da yake ci. Sun kwance tagogi 6,514, suka gyara gilasansu a cikin ginin yadda za su tare zafi, suka mayar. Da zafin da ke shiga ya ragu, sai aka ga gyaran tsofaffin na'urorin sanyi ya wadatar, ba sai an kafa sababbi manya ba. Darasin yana cikin jerin aikin: a toshe kafar zafi tukuna, kana a auna na'ura. Haka yake ga mai son kafa faranten hasken rana. In ya fara rage buƙatarsa, kaɗan zai saya.

In dai abin a fili yake haka, me ya sa ba a yi? Domin wanda ya gina daban, wanda ke biyan kuɗin wuta daban. Mai gini yana neman araha da ƙyalƙyalin da zai ja 'yan haya, ɗan haya ne ke gadon zafin. A yawancin manyan shaguna kuwa raba kuɗin mai ake yi, ba a duban abin da kowa ya sha, don haka ba wanda ke ganin amfanin kashe fitila. A 2017 Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan girman tagogi da inuwarsu, da abin tare zafi a rufi, da fitilu, da ingancin iyakwandishan. Amma ƙa'ida ba ta tsare kanta. Sai jami'in da ke ba da izini ya riƙe ta, ya kuma iya cewa a'a.

Saboda haka muna kira ga kowane sashe na wannan jami'a. Masu zane su dubi gabas da yamma kafin su ja layin farko. Injiniyoyi su yi lissafi kafin su zaɓi na'ura. Akantoci su haɗa kuɗin gini da na wutar shekara ashirin su nuna wa maigida jimlar. Lauyoyi su sa mita ga kowane ɗan haya cikin yarjejeniya. Mu kuma tun yanzu mu fara da ginin ƙungiyarmu da shagunan da ke cikinsa: mu karanta mita, mu rubuta man da aka ƙona wata-wata, mu liƙa a allon sanarwa kowa ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah ya sa mu amfani ƙasarmu da abin da muka koya.