Maƙarƙashiya da Magungunan da Ke Zaburar da Hanji



Zancen da muka kawo muku yau irin wanda ake jin nauyin faɗarsa ne a bainar jama'a, amma ba mu tsammanin akwai ɗakin kwanan ɗalibai da bai san shi ba, watau maƙarƙashiya, ko bushewar ciki. Ta fi kama mu lokacin jarrabawa, sa'ad da muke kwana a kan burodi da shayi, mu yini zaune a laburare ba mu sha ruwan kirki ba, sa'an nan mu riƙa danne bayan gida saboda ƙyamar makewayi. Ma'aikacin da ke yini bisa kujerar ofis shi ma bai tsira ba. Wasu magunguna kuma, kamar kodin da tiramadol da ƙwayoyin ƙarin jini, sukan ɗaure ciki. Sai dai a sani, ba tilas ba ne mutum ya zaga kullum. Daga sau 3 a rana har zuwa sau 3 a mako, duk likitoci na ɗaukarsa lafiya, muddin ba da yunƙuri mai tsanani ake yi ba.

Magungunan sassauta ciki iri-iri ne. Wasu auki suke ƙara wa bayan gida, wasu ruwa suke jawowa cikin hanji. Waɗanda muke magana a kansu su ne masu zaburar da hanji, kuma biyu ne suka fi shahara: bisakodil, wanda ake sayarwa da sunan Dulcolax, da sanna, wadda ke cikin Senokot. Ita sanna ba baƙuwa ba ce gare mu, domin danginta ɗaya da filaskon da iyayenmu mata ke dafawa, ana kuma samunta a Sudan da Masar da Indiya. Aikinsu shi ne tsokanar babban hanji ya dinga matsawa, ya kuma tara ruwa, har abin da ya maƙale ya fita. Ba nan take suke aiki ba, sukan ɗauki awa 6 zuwa 12, shi ya sa ake shansu da dare.

A nan ne yawancinmu ke yin kuskure. Mutum ya sha ƙwaya bayan isha'i, ya ga awa biyu shiru, sai ya ƙara biyu, da asuba kuwa murɗar ciki da zawo su hana shi shiga aji. Ma'aunin baligi shi ne ƙwaya ɗaya ko biyu, ta bisakodil mai miligiram 5, ko ta sanna mai miligiram 7.5, kuma ya fi kyau a fara da ɗaya. Ƙwayar bisakodil tana da wani rufi da aka yi mata don kada ta narke sai ta wuce tumbi, saboda haka haɗiye ta ake yi, ba a taunawa, ba a kuma dakawa. Madara da nono da maganin ƙwannafi suna narkar da wannan rufi tun da wuri, don haka a bar tazarar awa ɗaya a tsakani. Mai kwana da fura da nono ya lura da wannan. Wanda ya sha sanna ya ga fitsarinsa ya yi ja-ja kada ya firgita, zai washe da kansa. Dafaffen filasko kuwa, aibinsa shi ne ba shi da ma'auni, ƙarfin tukunyar yau ba shi ne na gobe ba.

Babban abin da muke so a riƙe shi ne ƙa'idar kwanaki. Kada a wuce kwana 5 ana shan bisakodil, ko mako ɗaya ana shan sanna, sai da izinin likita. Yawan zawo yana fitar da ruwa da gishirin fotasiyam daga jiki, shi kuwa fotasiyam da shi zuciya ke daidaita bugunta, abin ya fi haɗari ga mai shan maganin zuciya ko na sa fitsari. Al'adar nan ta wankin ciki duk ƙarshen mako ba tare da wani ciwo ba, a ganinmu, ba ta da tushe. Haka nan masu shan waɗannan ƙwayoyi don su rame wahalar banza suke yi, domin jiki ya riga ya tsotse amfanin abinci a ƙaramin hanji kafin ya isa inda maganin ke aiki. Ruwa ne kawai ke zubewa. Irin wannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa hukumar magunguna ta Birtaniya, a shekarar 2020, ta rage yawan ƙwayoyin da ake sayarwa cikin kwali ɗaya a kantuna, ta kuma hana a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 sai da shawarar likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su tambaya tukuna.

Akwai kuma lokacin da ba a taɓa wannan magani ko kaɗan. In rashin bayan gida ya zo da ciwon ciki mai tsanani, ko amai, ko zazzaɓi, ko ciki ya kumbura har tusa ba ta fita, to mai yiwuwa afendis ne, ko hanji ne ya toshe, kamar yadda kan faru ga mai ƙaba idan ta shaƙe. Zaburar da hanjin da ya toshe na iya fasa shi. In abokin ɗakinka ya shiga wannan hali, kada ka je kemis, ka nemi mota ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Haka kuma wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko yana ramewa ba dalili, ko cikinsa ya sauya ɗabi'a fiye da mako biyu, ya ga likita, ya kuma tafi da kwalin duk maganin da ya sha, ya faɗi na gargajiya ma, da ranar da ya fara.