Amsar Wasiƙunku: Keken Mutum Biyu Mai Kujera A Gaba

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Jamus yana da wani irin keke na mutum biyu, na gaba yana kishingiɗe cikin kujera, na baya yana bisa sirdi. Ƙanen yana shawarar ko ya sayi sabuwar ƙira, ya aiko da tsohon gida domin a riƙa kai mahaifinsu, wanda ƙafa ta yi wa nauyi, masallacin Juma'a da asibiti. Mai wasiƙar yana tambaya mene ne bambancin tsohon da sabon, in kuma keken bai samu zuwa ba, ko mai walda zai iya ƙera masa irinsa.

To malam, mun gode, Allah ya ba Baba lafiya. Bisa ga yadda ka kwatanta, wannan keke shi ne Pino, wanda kamfanin Hase na garin Waltrop a Jamus ke ƙerawa tun shekarun 1990. Akwai irinsa a Ingila mai suna Circe Morpheus, akwai kuma Bilenky Viewpoint a Amurka. Na baya shi ne direba, shi ke riƙe da kan keke da birki da giya. Na gaba yana miƙe ƙafa ya taka nasa feda, in ya gaji ya huta, keke bai tsaya ba. Shi ya sa masu ɗauke da tsoho, ko makaho, ko yaro mai lalura suke sonsa: wanda ka ɗauka yana gabanka, kana ganinsa, kuna hira.

Sai maganar sauye-sauye. Na farko-farko da ƙarfe aka yi firam ɗinsu. Daga baya aka koma alminiyam, aka kuma yi masa mahaɗa a tsakiya, ana kwance shi gida biyu a sa a bayan mota. A ƙirar 2021 sai aka sake shawara, aka yi firam mai zugewa, wato bututu cikin bututu, ana tura gaban keken ya shige, tsawonsa ya ragu ba tare da an raba shi ba. Nan masu keken suke tsayawa su yi lissafi. Mai yawan hawa shi kaɗai zuwa kasuwa, ko mai ɗora keke a kan abin ratayawa na bayan mota, sabon ya fi masa. Mai ƙaramar mota kuwa, wanda ya saba cusa gida biyun nan a but, yana iya cewa me zai kai shi kashe Yuro dubbai a kan abin da tsohon ke yi masa? Haka nan akwai mai injin lantarki na Shimano. A dokar Tarayyar Turai injin irin wannan ba ya wuce wat 250, kuma yana daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa. Yana rage wahalar hawan tudu, amma ya ƙara nauyi, ya ƙara kuɗi, batir kuma yana tsufa.

Wannan lissafin ƙanenka ne, shi da titunan Jamus. Naka daban ne, kuma a nan nake so ka kasa kunne.

Ka fara tambayarsa da me aka yi firam ɗin da zai aiko. In ƙarfe ne ya tsage, mai waldan bakin tasha zai ɗinke maka. In alminiyam ne, wutar walda ta yau da kullum ba ta yi masa, sai an nemi masu injin musamman a birni, kuma ko an ɗinke wurin ba ya komawa ƙarfinsa na da. Ka gwada da maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne.

Sannan taya. Keken da muka sani, irin su Raleigh da Phoenix, inci 28 ne gaba da baya. Wannan kuwa na baya inci 26 ne, na gaba inci 20, kamar na keken yara. Duka biyun ana samunsu a manyan kasuwanni, wannan ba matsala ba ce. Matsalar ita ce nauyin Baba kusan duk a kan ƙaramar tayar nan zai zauna, ƙaramar taya kuwa ta fi saurin nutsewa cikin rairayi, ta fi jin rami. In hanyarku ta burji ce mai tauri, to madalla. In kuwa akwai yashi tsakanin gida da titi, ka sani za ka riƙa sauka kana turawa, da dattijo a zaune.

Birkinsa na faifai ne mai aiki da mai, ba irin na sanda mai roba da mai gyaranku ya saba ba. Yana kamawa ƙwarai, amma in takalmin birkin ya cinye, ba a kasuwar ƙauye za ka samu ba. Don haka in za a aiko, a haɗo da takalman birki masu yawa, da sarƙa, don sarƙarsa doguwa ce, ta tashi tun daga ƙafar na gaba. Mai batir dai, ni ban ba ka shawara ba in garinku babu tsayayyiyar wuta.

Na san 'yan kasuwa suna saurare suna cewa ai wannan kujera buhu za ta ɗauka. Kamfanin ya ce iyakar kayan da keken zai ɗauka kilo 225 ne, har da mahaya. Kai mai kilo 70 da buhun masara mai kilo 100, an yi 170, akwai sauran wuri. Amma mutum biyu masu kilo 70-70 da buhu guda sun kai 240, an wuce ke nan.

Saura maganar mai walda. Malam, kada ka yarda a liƙa kujera a gaban keken da ka saba hawa. Fok ɗinsa ba a yi shi don nauyin babban mutum ba, kujerar kuma za ta yi sama da yawa bisa tayar inci 28, keke ya riƙa rinjaya. A Pino kan keke yana bayan kujera, wata sanda ce ke haɗa shi da tayar gaba ta juya ta. In wannan sanda ta ɓalle a gangara, direba ba shi da iko, wanda zai fara isa ƙasa kuma shi ne na gaba. Tsoho in ya karye a ƙugu, ka san ba ƙaramar jinya ba ce. In dole sai an ƙera a gida, gara mai taya uku, biyu a gaba da kujera tsakaninsu ƙasa-ƙasa, a yi sabon firam da bututu mai kauri, a sa birki a kowace taya. Kafin Baba ya hau, a ɗora buhu cikakke a yi ta zagaye da shi kwana da kwanaki, ana duba wuraren walda.

In kuwa na Jamus ɗin ya iso, kai ma ka koyi tuƙinsa da buhu tukuna, musamman tashi da tsayawa da shan kwana.

Ka gaishe mana da Baba.