Hanyar Ƙafa da Ta Zama Hanyar Sama: Matuƙan Jirgi na Farko Tsakanin Hartum da Kano

Laccar da aka gabatar a gaban dattawa, malamai da ɗaliban al'ummar Hausawa a Gadarif, Sudan

 

   

An nemi in yi magana a kan mutanen da suka fara tuƙa jirgin sama. Da jin haka wani zai gyara zama, yana jiran labarin Turai da Amurka. Suna ciki, amma wani babban yanki na labarin a ƙasar nan ya faru, bisa kawunan kakanninmu, kuma a kan hanyar da su suka fara takawa.

Mu fara da shekarar 1903. A watan Yuli aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, sauran jama'arsa suka doshi gabas a ƙafa tare da ɗansa Mai Wurno, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Ran 17 ga Disamba na shekarar nan kuma, a Kitty Hawk ta Amurka, wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar kekuna, Wilbur da Orville Wright, suka ɗaga jirgi mai inji sama. Tashin farko sakan 12 ya ɗauka, nisansa ƙafa 120. Babu wanda ya yi jami'a a cikinsu. Abin da suka yi shi ne gwaji da rubutu: sun ƙera akwatin hura iska, suka jarraba fasalin fiffike iri-iri suna auna kowane, injin kuwa bakanikensu Charlie Taylor ya ƙera shi. Ku riƙe sunan bakaniken nan, don irinsa ne tarihi ya fi mantawa.

Shekara goma kacal bayan haka jirgi ya iso Sudan. A Janairun 1914 wani saurayi Bafaranshe, Marc Pourpe, ya taso daga Alƙahira shi kaɗai, ya biyo Kogin Nilu da layin dogo har ya sauka a Hartum. Shekarar ba ta ƙare ba ya mutu a Yaƙin Duniya na Farko. A 1916 kuma Ingilishi suka kai jirage Darfur a yaƙinsu da Sarki Ali Dinar, suka zuba wa mutanensa wuta daga sama. Wannan ma tarihin jirgi ne, kuma ba za mu ɓoye shi don muna yabon matuƙa ba.

Tafiyar da ta fi shafar mu ita ce ta 1925. Ran 27 ga Oktoba jirage uku ƙirar DH.9A na runduna ta 47 ta sojan saman Ingila suka tashi daga Hilwan kusa da Alƙahira. Jagoransu Arthur Coningham, haifaffen Ostireliya wanda ya girma a New Zealand. Suka yo kudu zuwa Wadi Halfa da Hartum, sannan suka karya yamma ta Al-Ubayyid, Fashir, Abeshe, Fort Lamy wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Ran 1 ga Nuwamba suka sauka a filin sukuwa na Kano, kuma wannan tafiya ce ta fara kai jirgin sama Nijeriya. Zuwa da dawowa sun ci kusan mil 6,500.

Iyayena, ku sake sauraron jerin garuruwan nan. Hanyar alhazai ce sak, an dai juya ta ne. Abin da ɗan Kano ko ɗan Katsina yake shafe shekaru yana ratsawa, ya yi damina nan ya yi kaka can yana neman guzuri kafin ya ga Sawakin, su sun ratsa shi cikin kwana shida. Dalilin bin hanyar a fili yake. Jirgin wancan zamani katako ne da zane, injinsa ɗaya, matuƙi yana zaune a buɗe rana na dukansa. Ba shi da na'urar da za ta nuna masa inda yake, sai kamfas da agogo da taswirar da ba ta cika ba, sai idonsa. Dole ya bi inda akwai gari da rijiya da mutane, kuma ƙafar fatake da mahajjata ce ta riga ta haɗa waɗannan wurare.

Akwai kuma aikin ƙasa. Layin dogo a Al-Ubayyid ya tsaya, saboda haka duk man da jirgi zai sha daga nan zuwa yamma sai an riga an kai shi a gwangwanaye bisa raƙuma. Kowane filin sauka sai an sare ƙaya, an tumɓuke kututture, an baje gidajen gara. Mutanen ƙasa ne suka yi wannan da gatari da fartanya. An rubuta sunan Coningham, ya samu lambar yabo, ya zama babban kwamandan sojan sama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɓace a Janairun 1948 tare da jirgin fasinja mai suna Star Tiger a teku kusa da Bermuda. Masu share fili kuwa, da su aka yi aikin, ba da su aka yi rabon suna ba.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano a kai a kai, daga baya ya miƙa har Ikko. A Yunin 1937 Ba'amurkiyar nan Amelia Earhart, a yunƙurinta na zagaya duniya, ta sauka a Fort Lamy da Fashir da Hartum, ta wuce Masawwa. Ran 2 ga Yuli ta ɓace a Tekun Pasifik tare da mai duba mata hanya, Fred Noonan. Daga 1940 kuma dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta Gana suka riƙa bin Kano da Maiduguri da Jinaina da Fashir zuwa Hartum da Masar. Wasu daga garuruwan nan yau ba ma jin sunansu sai da labarin tashin hankali. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Garinmu ma yana cikin lissafi. A 1927 runduna ta 47 ta dawo Hartum da zama. Da Italiya ta kama Kasala da Gallabat a Yulin 1940, aka turo wasu jiragenta nan Gadarif. Ran 16 ga Oktoba 1940 jiragen Italiya suka faɗo wa filin, suka ƙone jirage ƙirar Wellesley takwas da ƙirar Vincent biyu a ƙasa. Wato rundunar da ta fara sauka a Kano, a Gadarif aka yi mata wannan mummunar ɓarna.

Yanzu ga tambayar da na san tana ran ɗalibai: duk Turawa ne? A farko ƙofar a rufe take ga baƙar fata da Larabawa da mata, amma an samu masu tura ta. Bessie Coleman, baƙar fata 'yar Amurka, makarantun ƙasarta suka ƙi karɓarta. Ta koyi Faransanci, ta tara kuɗi, ta tafi Faransa, ta karɓi lasisinta ran 15 ga Yuni 1921. Muhammad Sidƙi na Masar ya tuƙo ƙaramin jirgi daga Balin ta Jamus, ya sauka a Alƙahira a Janairun 1930. Lutfiyya an-Nadi kuwa ba ta da kuɗin makaranta, sai ta kama aikin amsa waya a makarantar tuƙi ta Almaza tana biyan kuɗin darasi da shi, ta samu lasisi a Satumban 1933, ta zama mace ta farko a Masar da ta yi haka. Babu wanda aka kira a cikinsu, kowa kai kansa ya yi.

Jirgi ya yi mana rana, ya kuma yi mana wani rashi da ba mu cika faɗa ba. Kamfanin Sudan Airways ya fara tashi a 1947, kuma sannu a hankali alhazan Nijeriya da Nijar suka koma tashi daga Kano kai tsaye zuwa Jidda. Hajji ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ayarin da a da yake yada zango a gidajenmu, ya kawo goro da gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa, yanzu ta sama yake wucewa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Da ƙafa ta ɗauke, gidaje da yawa a nan sun rabu da danginsu na can.

Saboda haka ina da roƙo iri uku. Na farko gare ku dattawa: wanda ya ji daga bakin mahaifinsa yadda aka share fili ko yadda aka ga jirgi karon farko, ya zaunar da jikokinsa su rubuta, da sunayen mutanen da na garuruwan. Idan ba mu rubuta ba, babu mai rubuta mana.

Na biyu gare ku iyaye, maza da mata. Ƙasarmu ƙasar dawa da riɗi ce, kuma kowa ya san amfanin jirgin feshi idan fara ko jan-baki suka sauko wa gona. Wannan jirgi yana bukatar matuƙi, da bakanike, da mai duba yanayi, da mai ba da izinin tashi da sauka. Duk aikin ilimi ne, kuma tushensa lissafi da kimiyya da Turanci tun daga firamare. Kada a cire yaro daga aji saboda kaka ta kama, kada kuma a ce wannan ba karatun 'ya mace ba ne.

Na uku gare ku ɗalibai. Kuna da Hausa, kuna da Larabci, harsuna biyu da ke aiki daga Kano har Jidda. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi da gyaransa tun 1964, a cikin 'yan'uwanku take. Ku tambayi sharuɗɗan shiga tun yanzu, ku shirya musu, mu kuma al'umma mu haɗa hannu mu ɗauki nauyin duk wanda ya cancanta.

 Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya yi wa zuriyarmu albarka.