Abin da Allah Ya rufe: tsakanin kau da kai da sanin aibin mutane

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rufa asirin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ƴan'uwa masu saurare, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Karatunmu na yau amsa ce ga tambayar wani bawan Allah da ya roƙi a sakaya sunansa da garinsu. Shekara uku ya yi yana bida a Libiya. Da ya komo gida, wani abokinsa ya ja shi gefe ya ce masa: "Akwai maganar da na ji game da iyalinka bayan tafiyarka. In kana so in faɗa maka." Bai amsa ba, amma tun ranar barci ya ƙaurace masa. Shi ne yake tambaya: "Malam, in saurara ko in bari? Wanne ya fi, kwanciyar hankalin wanda bai sani ba, ko gaskiya mai ɗaci?"

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Haka ne, a kan ilimin da aka ɗora mana nemansa, kamar tsarki da salla da halal da haram. Sanin aibin mutane kuwa hukuncinsa daban ne. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat, Allah Ya jera hani uku: yawan zato, da binciken asirin mutane, da giba. Ku lura da jerin. Zato ne ke tura mutum bincike, abin da ya binciko kuma ba ya zama a cikinsa sai ya kai shi fada wurin shan shayi. A aya ta 101 ta Suratul Ma'ida kuma an gargaɗi muminai da kada su riƙa tambaya kan abubuwan da, in an bayyana musu, za su ɓata musu rai.

Wata rana sahabi Abdullahi ɗan Huzafa ya miƙe cikin jama'a ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, wane ne ubansa, saboda maganganun da ake jifarsa da su. Annabi ya tabbatar masa Huzafa ne. Duk da haka, kamar yadda Muslim ya ruwaito, mahaifiyarsa ta yi masa faɗa mai tsanani, domin da amsar ta zo daban, da ya tozarta ta a idon duniya. Garin tone-tone ne kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Akwai hadisin da ya dace da kai sosai, ɗan'uwa mai tambaya. Jabir ya ruwaito cewa Annabi ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa, kuma a ruwayar Muslim an ambaci mai yin haka don tuhumarsu ko neman tuntuɓensu. Addinin da ya hana ka yi wa gidanka kwanton ɓauna ba zai yarda ka ɗauki wayar matarka tana barci kana bin saƙonninta na WhatsApp ba. Haka ke ma, baiwar Allah, game da wayar mijinki.

Kau da kai ba wauta ba ce, halin manya ne. Lokacin da ƴan'uwan Annabi Yusufu suka jingina masa sata a gabansa, ba su san shi ne ba, ya ɓoye abin a ransa bai tona su ba. A aya ta 3 ta Suratut Tahrim, da Allah Ya sanar da Annabi cewa ɗaya daga matansa ta fitar da sirrinsa, sai ya faɗa mata wani sashe, ya kau da kai daga wani. Gidan da ake ƙididdige kowane kuskure ba ya daɗewa a tsaye.

To amma kada wani ya fake da wannan ya rufe ido ga cuta. Faɗimatu ƴar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi kan mutum biyu da ke neman aurenta. Ya gaya mata a fili cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Magana ce mai nauyi, amma rayuwarta ta rataya a kanta. Saboda haka uban da zai ba da ƴarsa dole ya bincika. Wanda zai haɗa jari da wani dole ya tambaya. Wanda ya ga ana cin dukiyar maraya, ko yaro ya fara shan ƙwaya, ko ana dukan wata a gidan aure, shirunsa ha'inci ne. Ma'aunin shi ne: aibin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa a rufe shi, wanda cutarsa ke kan hanyar isa ga wani a sanar da mai iya tare ta, gwargwadon buƙata.

Yanzu ga amsarka. Abokinka ya ce ji ya yi, bai ce gani ya yi ba. Aya ta 6 ta Hujurat ta umarce mu da tantance labari, kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari da nadama. In kuma maganar ta mutuncin mace ce, aya ta 4 ta Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu, wanda ya kasa kawo su bulala 80 ce sakamakonsa. Don haka ka tambaye shi abu ɗaya: akwai wata cuta da ke gudana yanzu a kan ƴaƴanka, ko dukiyarka, ko lafiyar wani, wadda shi da kansa ya shaida? In ya ce akwai, ka saurara a gaban dattijo mai hankali, sannan ka ji ta bakin iyalinka kafin ka yanke hukunci. In kuwa "an ce, an ce" ne, ka ce masa ya ji tsoron Allah ya kama bakinsa. Matar da ta riƙe maka gida shekara uku ta cancanci kyakkyawan zato.

Huzaifa ɗan Yamani ya san sunayen munafukan Madina, domin Annabi ya ba shi sirrinsu. Abin da aka ruwaito Umar ɗan Haɗɗabi ya je ya tambaye shi shi ne ko sunansa na ciki. Wannan ne binciken da ya kamace mu a watan nan: kowa ya tono nasa aibin, ya kai shi gaban Allah kafin shan ruwa.

Ya Allah Ka rufa mana asiri duniya da lahira, Ka tsarkake zukatanmu daga mummunan zato, Ka zaunar da gidajenmu lafiya. Sai gobe in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.