Katakon da Zai Ɗauki Tsirkiya Huɗu: Lacca kan Haɗa Jitar Bes a Gida



An ce in yi magana kan yadda mutum zai haɗa jitar bes da hannunsa a gida, wato jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke riƙe gindin kiɗa. Tun da aka sanar da taken, tambaya ɗaya ake ta yi mini: wane katako ne ya fi daɗin sauti? Zan amsa, ko da yake amsar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ga mai haɗa jitarsa ta farko, sunan itace shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame shi. Ya fara duba bushewa, sai miƙewa, sai nauyi.

Mutumin da ya sa wannan kayan kiɗa ya bazu a duniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fito da Precision Bass. Kafinsa Paul Tutmarc ya gwada irin wannan a Siyatil cikin shekarun 1930, amma bai yi kasuwa ba. Fender tunanin mai masana'anta ya yi: gangar jiki ta katako cunkus ba rami, wuya daban, a ɗaure su da sukurori huɗu, in wuya ya lalace a kwance a sa wani. Da itacen ash ya fara yin jiki, a 1956 ya koma alda ga yawancin jitocinsa, saboda alda na da araha, ga shi tuli a yammacin Amurka, ga karɓar fenti. Yau sai ka ji ana yi wa alda kirari kamar akwai wani asiri a cikinsa, alhali lissafin kuɗi ne ya kawo shi.

Ku tuna cewa ba da rami wannan jita take magana ba, ba kamar garaya ko gurmi ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe dubban zagaye. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza, wuta 'yar kaɗan ta taso a cikin wayar, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi. Masu haɗa jita sun daɗe suna musu kan ko katako na sauya sauti. Ni ra'ayina yana sauyawa, amma kaɗan, kuma sabuwar tsirkiya ko matsar da maganaɗisun nan da yatsa biyu ya fi sauya shi nesa ba kusa ba.

Inda katako ke da iko na gaske shi ne wuya. Tsirkiya huɗu in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kusan kilo 80, dare da rana, ko ana kiɗa ko jitar tana jingine a bango. Shi ya sa ake yanka kwari a tsakiyar wuya a binne sandar ƙarfe mai noti, dabarar da kamfanin Gibson ya yi wa rajista a farkon shekarun 1920. In wuya ya sunkuya sai a ƙara noti ya miƙe. Amma sandar nan sunkuyo kawai take gyarawa. In wuya ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, to babu notin da zai cece ka, sai dai sabon wuya. Don haka in ka je wajen 'yan katako, ɗaga itacen ka sa ido ɗaya a bakinsa ka leƙa tsawonsa. Ka bi jijiyarsa da ido daga wannan kai zuwa wancan: in ta kauce ta fita ta gefe, ko ka ga ƙulli inda reshe ya taɓa fitowa, ajiye shi. Kamfanoni na yin wuya da meful saboda tauri da miƙewar jijiya. Wanda bai samu ba yana da mafita mai kyau: ya tsaga katakonsa gida uku a tsaye, ya juya na tsakiya, ya manne su da gam ya matse. Kowane ɓangare in ya so karkata, ɗan'uwansa zai riƙe shi.

Yanzu bushewa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Katakon jita ana son ruwan da ke cikinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ƙa'idar da masu aikin itace ke bi ita ce, in a iska za a busar, kowane inci ɗaya na kauri shekara guda yake ci. Gangar jikin bes kuwa kaurinta inci ɗaya da uku bisa huɗu ne, wajen milimita 44. Ku yi lissafin da kanku. Katakon da motoci ke saukewa daga kudu sau da yawa ɗanye ne sharaf, an yanka shi don rufin gida, inda ɗan lanƙwasa ba ta hana komai. Mai sayarwa zai ce maka, “Wallahi ya bushe, ranka ya daɗe,” kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, bayansa ne ya bushe, cikin da sauran ruwa. Sa'annan ga yanayinmu. Da damina itace ya sha laima ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi. Katako a faɗi yake tsukewa, ba a tsawo ba, ƙarfe kuma ba ya tsukewa haka, shi ya sa za ka ga jitar da aka haɗa a watan Agusta, zuwa Janairu bakin ƙarafan da ke gicciye a kan wuyanta sun leƙo waje suna yankar hannu. Saboda haka ka sayi katako ka shafe bakinsa biyu da fenti ko kakin kyandir don kada ya tsage, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ya ga hunturu aƙalla ɗaya kafin zarto ya taɓa shi. Mai gaggawa ya nemi tsohon ƙyaure ko tsohon tebur. Brian May na ƙungiyar Queen, shi da mahaifinsa, da katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki suka yi wuyan jitarsa a farkon shekarun 1960, kuma da ita ya yi suna.

To wane itace? Wani abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin itatuwan da Turawa ke biyan kuɗi mai yawa a kansu daga nahiyar nan suke fita. Jitocin Flying V da Explorer da Gibson ya fitar a 1958 da itacen da suka kira korina aka yi su, wanda shi ne afara da kafintocinmu ke yin kujeru da shi. Kamfanin Warwick na Jamus da bubinga da wenge na dazukan tsakiyar Afirka ya yi fice. Ga gangar jiki ni afara zan zaɓa: ba nauyi sosai, yana bin hannu, sai dai a duba ko ƙwaro ya huda shi. Maɗaci ɗan gidan mahogani ne, yana da kyan ja, amma na nan arewa ya fi na kurmi nauyi, kuma jijiyarsa a sarƙe take, in wuƙar goga ba ta da kaifi sai ta ɓantaro shi. Nauyi ba abin wasa ba ne. Bes mai kyau kilo huɗu ne zuwa huɗu da rabi, kuma makaɗin da zai rataya ta awa uku a wajen biki shi zai gaya maka bambancin rabin kilo. In kuma jiki ya cika sauƙi, kan wuya zai riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma tallabe maimakon kiɗa.

Madobiya tana da tauri da kyau, ta dace da allon da yatsu ke takawa a kan wuya. Amma ku sani, saran da aka yi mata ana lodi zuwa Sin, musamman a Taraba, ya sa tun farkon 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, tare da bubinga. Maɗaci ma ya shiga jerin a 2023. Wanda ke son ta ya nemi guntun da ya rage a shagon kafinta, allon bai wuce kaurin milimita shida ba.

Awo kuwa ba ya karɓar uzuri. Daga inda tsirkiya ta tashi a kan wuya zuwa inda ta hau jaki, wato abin da ke riƙe ta a kan gangar jiki, inci 34 ne, wato milimita 864. Raba wannan da 17.817, ka samu wurin ƙarfe na farko, milimita 48 da rabi. Cire shi daga tsawon, ka sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. Ƙarfe na 12 dole ya faɗo daidai tsakiya, a milimita 432. Kuskuren rabin milimita kunne zai ji shi. Ba abin kunya ba ne a jitar farko mutum ya sayi allon da aka riga aka tsaga, ko ma wuya gaba ɗaya, ya mai da hankali kan jiki.

Sauran aikin tsari ne. Ja layi ɗaya a tsakiyar katako, duk awo daga gare shi zai tashi. Yanka samfuri a falle mai araha tukuna, in ya yi sai ka ɗora a kan katakon gaske. Gurbin da wuya zai zauna a ƙwaƙule shi tun jiki yana da kusurwa huɗu, ya kama wuyan tsam ba girgiɗi. Jaki shi ake kafawa daga baya, bayan wuya ya zauna an miƙa zare an ga tsirkiyoyin gefe biyu sun bi bakin allo daidai. A rufe hanci lokacin goge-goge, ƙurar maɗaci da afara tana sa tari da ƙaiƙayi. Kada a manta ɗan ramin da waya za ta bi daga ƙarƙashin jaki zuwa gidan wayoyi, in babu ita jitar za ta yi ta gurnani a lasifika. Kuma kafin fenti ko banish, a haɗa komai a ɗaura tsirkiya a kaɗa ta haka nan tsirara na mako guda ko biyu, wuya ya gama sunkuyon da zai yi a daidaita noti, duk inda ke tokarar ciki ko hannu a rage shi da samfefa tun gyara bai zama ɓarna ba.

Na ga iyayenmu kafintoci da ke zaune a gaba suna ta gyaɗa kai a kan maganar maɗaci, bari in ba su fili.