Jaririn da Ba Ya Barin Gida Ya Yi Barci

   

Yau zancenmu a kan jariri ne mai tashi da dare. Kun san yadda a ke yi. An yi suna, baƙi sun watse, sai gida ya rage daga uwa sai uba sai ɗan ƙaramin mutumin nan da ba ya barin kowa ya runtsa. Ya tashi sau uku, sau huɗu, wani dare har sau shida. Ga uwa za ta hura wutar koko da ƙosai tun da asuba, ga uba zai buɗe rumfa, ga maƙwabta a ɗakin haya suna jin kome ta bango. Daga nan sai magana ta soma. Wannan ta ce nonon bai ishe shi ba. Waccan ta ce nonon ne ya ɓaci. Wani ya ce iska ce, ko kuwa baki. Ku kasa kunne, gama abin da zan faɗa muku yana iya tsirar da rai.

Da fari dai, tashin nan ba ciwo ba ne, ba kuwa laifin uwa ba ne. Haka aka yi jariri. Ran da aka haife shi, cikinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi guda da ɗan ɗori. Sa'ad da ya yi wata ɗaya, cikin ya kai misalin ƙwan kaza. Nonon uwa kuwa ba ya daɗewa a ciki. Mai ƙaramin tulu ai tilas ya yawaita zuwa rijiya. Saboda haka sabon jariri ya kan sha nono sau 8 zuwa 12 tsakanin safiya da wata safiya, waɗansu daga ciki kuwa lalle da dare za su faɗo.

Har wa yau, jariri bai san dare da rana ba tukuna. Ya kan yi barcin sa'a 14 zuwa 17 a kwana guda, amma guntu guntu. Sai ya kai wata 2 ko 3 jikinsa ke soma rarrabe duhu da haske. Barcinsa kuma ba irin namu ba ne. Wajen rabinsa marar nauyi ne, yana motsi, yana gurnani, yana yamutsa fuska, alhali kuwa bai farka ba. In kin ji wannan, uwa, ki ɗan dakata. Sau da yawa zai koma da kansa. In ya soma tsotson hannu yana juya kai, to, yunwa ce, ki ba shi tun bai ɓarke da kuka ba.

Shan nonon dare kuma yana da amfani. Da dare ne jikin uwa ya fi fitar da abin da ke sa nono ya kawo, watau jaririn da ya sha da dare ya yi wa kansa tanadin na gobe. In kuna so ku san ko yana ƙoshi, ku duba fitsarinsa. In yana jiƙa zane sau 6 ko fi a kwana guda, nauyinsa kuma yana ƙaruwa a ma'aunin asibiti, nonon ya ishe shi.

To, ina haɗarin ya ke? Haɗarin yana cikin abin da gajiyayyen mutum ya kan yi domin ya sami barci. Ku ji abu huɗu.

Na ɗaya, kada ku ba jariri maganin da zai sa shi barci, ko na kwalba daga mai tebur a kasuwa, ko maganin tari ko na mura, ko jiƙo, ko tsimi. Irin waɗannan suna iya danne numfashinsa, ya yi barcin da ba ya tashi.

Na biyu, kada ku ɗura masa kunu ko ruwa domin cikinsa ya yi nauyi. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa kaɗai za a ba yaro har wata 6. Nono kansa kusan kashi 9 cikin 10 ruwa ne, ya isa ƙishirwa ko da cikin zafin bazara. Ruwa da kunu su kan kawo zawo, su kuma rage nono. Zuma ma kada a ba shi sai ya cika shekara.

Na uku, kada a jijjiga jariri da fushi, ko sau ɗaya. Kansa da nauyi, wuyansa ba ƙarfi. Jijjiga ta ɗan lokaci kaɗan tana iya fasa jijiyar jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance, ko ya shanye, ko ya mutu. In kin ji zuciyarki ta hau, ki kwantar da shi inda ba zai faɗi ba, ki fita tsakar gida, ki sha iska, ki ta da wani. Kukan minti 5 ba zai cuce shi ba.

Na huɗu, ku kwantar da shi rigingine, a kan bayansa, ba rub da ciki ba. A Ingila a 1991, a Amurka kuma a 1994, aka yi shelar wannan ga iyaye, sai mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Shimfiɗarsa ta zama mai tauri, ba matashi kusa da fuskarsa, ba bargo mai nauyi. A sa gidan sauro. Mai shan taba, da wanda ya sha giya ko maganin barci, kada ya kwana shimfiɗa ɗaya da shi. Kada kuma uwa ta yi gyangyaɗi a kan kujera da shi a hannu. Lokacin hunturu, kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki.

Me za a yi ke nan? Da rana ku fito da shi inuwa ya ga haske, ya ji hayaniyar gida. Da dare a rage fitila, a yi ƙasa da murya, a ba shi nono, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a mai da shi. Ku sani kuma yawan kukan maraice ya kan kai ƙarshen tsananinsa wajen mako 6, ya soma sauka a wata na 3 ko na 4. Abin yana da iyaka.

Yanzu fa, ku maza, da ku na ke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa mai jego ta kan yi kwana 40 da tsohuwa a kusa da ita. Amma a zango, nesa da gida, sau da yawa ba tsohuwa, ba ƙanwa. Malam, in ka kwashi tabarmarka ka koma rumfa domin kuka ya dame ka, wa ka bar wa nauyin? Ba ka da nono, amma kana da kafaɗa. Ka karɓe shi bayan ya sha, ka zaga da shi, ta sami sa'a 2 ko 3 a jere. Ku maƙwabta, maimakon ƙorafi, wata ta tsare mata tebur da hantsi ta ɗan kwanta. In kuwa kun ga mai jego tana yawan kuka, ta daina cin abinci, ba ta murna da ɗanta har ya wuce mako 2, wannan ciwo ne mai magani. Ku kai ta asibiti, kada ku yi mata gori.

Abu na ƙarshe. Jaririn da ya tashi, ya sha, ya koma, lafiyayye ne. Wanda za ku ji wa tsoro shi ne wanda ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya tashi ko an tashe shi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana taune-taune da fizge-fizge, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko kuwa bai kai wata 2 ba yana numfashi sau 60 ko fi a minti guda. Wannan kada ku jira gari ya waye. Ku nemi mota ko babur, ku tafi wurin likita nan da nan.

Ku riƙe wannan, ku faɗa wa wanda bai ji ba. Allah ya raya mana su, ya ba iyayensu haƙuri da ƙarfi. Sai mako mai zuwa war haka. Ku kwana lafiya.